Labarin Zuciya A Tambayi Bango

Makon jiya wata ɗaliba da ke karatun zane-zane a ɗaya daga cikin manyan makarantunmu ta aiko wa wannan fili da saƙo. Bayan gaisuwa ta ce an ba su aikin gida, su rubuta yadda masu zane ke amfani da launi wajen nuna halin da zuciya ke ciki. Ta haɗo da wani ɗan jadawali da ta kwafo daga takardun darasi: shuɗi natsuwa ne, ja fushi ne ko soyayya, rawaya farin ciki, ruwan toka kuma baƙin ciki. Tambayarta ita ce, idan ta haddace wannan jadawali, ya wadatar?

To 'yata, mai yiwuwa ya wadatar a ɗakin jarrabawa, wannan tsakaninki da malaminki ne. Amma ranar da kika tsaya gaban zane na gaske, jadawalin nan ba zai raka ki ko nan da bakin ƙofa ba. Kafin ma a je ko'ina, dubi fari a wurinmu. Shi ne launin babbar rigar da magidanci ke sakawa ranar Juma'a, shi ne kuma launin likkafanin da za a naɗe shi a ciki. Me za a rubuta a gaban fari ke nan, murna ko makoki? Wannan ya sa na ga ya dace in keɓe filin wannan mako ga wani nau'in zane da na fi jin daɗin kallo, wato zanen cikin ɗaki, inda babu fagen yaƙi, babu sarki a kan doki, sai bango da taga da mutum guda, wani lokaci ma ba kowa. A irin wannan zane ake gane gwani, domin ba shi da wani labari da zai fake a bayansa. Duk abin da mai kallo zai ji a ransa, daga launi da haske zai fito.

Bari mu fara da ƙasar Holan, a wani gari da ake kira Delft. A nan aka haifi Johannes Vermeer a 1632, a nan kuma ya rasu a 1675 yana da shekara 43. Zane-zanensa da suka rage a duniya ba su kai 40 ba, kuma akasarinsu na cikin ɗaki ne, da taga a hannun hagu. Wanda nake so mu zauna a kansa shi ne wanda ake kira Mai Zuba Madara, wanda ya zana wajajen 1660, yanzu yana rataye a gidan adana zane-zane na Rijksmuseum da ke Amsterdam. Ƙarami ne ƙwarai. Tsawonsa santimita 45 da rabi, faɗinsa 41, wato da kaɗan ya fi allon almajiri.

Wata 'yar aiki ce tsaye a kusurwar ɗakin girki, ta karkata ɗan tulu tana tsiyaya madara a cikin kasko. A gabanta akwai tebur da kwandon burodi da gutsattsarinsa. Rigarta rawaya ce, ta ɗaura shuɗin zanen aiki a kan jan buje, kanta da farar hula. Ba ta kallonmu, idonta na kan madarar. Iyakar abin da ke cikin zanen ke nan. Idan muka bi jadawalin ɗalibarmu, wannan baiwar Allah tana cikin murna daga wuya zuwa ƙugu, tana cikin natsuwa daga ƙugu zuwa gwiwa, sannan ƙafafunta suna fushi. Alhali duk wanda ya kalli zanen abu guda yake ji: ɗakin ya yi tsit, har kamar zai ji sautin zubar madarar.

Daga ina wannan tsit ɗin ya fito? Da farko dai daga hanyar da hasken ya biyo. Taga ɗaya ce, haske kuma mai laushi ne, irin na hantsin ranar da gajimare ya rufe sama. Ya shigo ta hagu ya sauka a goshin matar, ya bi damatsanta, ya faɗa kan ɓawon burodin, inda Vermeer ya yayyafa ƙananan ɗigo-ɗigon fenti masu haske har burodin ya yi kamar za a gutsura. Daga nan hasken ya bazu a bango yana raguwa sannu a hankali. Babu inuwa mai kaifin baki a ko'ina. Inuwa mai kaifi tana firgita ido, tana sa shi tsalle daga wannan wuri zuwa wancan. Wadda ta narke a hankali kuwa tana barin ido ya yi tafiyarsa a tsanake, kuma idan ido ya daina gaggawa, zuciya ma takan bi sahu.

Sannan akwai wata dabara da ba kowa ke lura da ita ba sai an nuna masa. Ɓangaren jikin matar da ke fuskantar taga, wanda haske ya buga, an jingina shi da bangon da ke cikin duhu-duhu. Bayanta kuma, wanda ke cikin inuwa, an jingina shi da wurin da bangon ya fi haske. Saboda haka ta fito sosai ta kowane gefe, ta tsaya daram kamar ginshiƙin soro. A duk faɗin zanen abu ɗaya ne tak ke motsi, wato madarar, siririya kamar zaren ɗinki. Da a ce akwai kyanwa tana tsalle ko yaro yana jan zanen matar, da wannan zaren ya ɓace a cikin hayaniya.

Shi kansa bangon ya cancanci a daɗe ana kallonsa. Akwai ƙusa a jikinsa da 'yar inuwarta, akwai ramukan da aka cire wasu ƙusoshin, akwai tabo nan da can. Gilashi guda na tagar ma a fashe yake. Mai gaggawa zai ce farin bango ne. Wanda ya matsa kusa zai ga ruwan ƙasa da ruwan toka da wani shuɗi-shuɗi suna shiga juna. Vermeer yana da wata al'ada da ta bambanta shi da yawancin abokan sana'arsa: yakan sa shuɗi a cikin inuwa, har a inuwar farin bango da farin tufafi, inda wasu za su wadatu da baƙi ko ruwan ƙasa. Inuwar da aka haɗa da baƙi zalla matacciya ce. Wadda aka sa wa shuɗi kuwa tana da sanyi irin na sassafe, ana jin iska a cikinta.

Wannan shuɗin kuma ba na wasa ba ne. Ana samunsa ne daga wani dutse mai daraja da Larabawa ke kira lazaward, wanda ake haƙowa a duwatsun Badakshan da ke arewa maso gabashin Afganistan. Sai ya ratsa hannun fatake da yawa kafin ya isa Turai, a daka shi, a tace, a fitar da garin launin. Shi ne launi mafi tsada a wancan zamani, har masu zane da dama ba sa taɓa shi sai za su zana mayafin Maryama a zanen coci. Vermeer ya ɗauko shi ya shafa a zanen aikin 'yar aiki. A ganina wannan ma wani abu yake faɗa game da darajar da ya ba ta, ko da bai furta ba.

Abu na gaba shi ne abin da ya cire. A 2022 masu bincike na Rijksmuseum suka sanar da abin da na'urorinsu suka gano a ƙarƙashin fentin. Ashe da farko Vermeer ya zana wani katako na rataye tuluna a bangon da ke bayan kan matar, ya kuma zana wani babban kwandon garwashi a ƙasa ta hannun dama, irin wanda ake shanya kayan jarirai a kansa. Daga baya ya shafe su duka biyun. Ya bar bangon fayau, a ƙasa kuma ya sa ɗan ƙaramin akwatin garwashi na ɗumama ƙafa. Ke nan shirun da muke ji a ɗakin ba tarar da shi ya yi ba. Gina shi ya yi da hannunsa, yana ɗauke kaya ɗaya bayan ɗaya har sai da haske ya sami filin shimfiɗa.

Wannan batu yana ƙara nauyi idan aka san gidan da yake zaune. A gidan surukarsa yake, shi da matarsa Catharina Bolnes, kuma lokacin da ya rasu ya bar 'ya'ya 11 a raye, yawancinsu ƙanana. Mai karatu da ya taɓa zama a gida mai yara ko da biyar ne ya san irin shirun da ake samu a wurin. A 1672 Faransa ta mamaye Holan, kasuwar zane ta faɗi warwas, bashi ya yi masa katutu. Bayan rasuwarsa sai da matarsa ta miƙa wa mai gidan burodi zane biyu a madadin bashin burodi da ya haura gulda 600, kuɗin ƙasar na wancan lokaci. Gaskiya ne an zana Mai Zuba Madara tun kafin wannan ƙunci ya tsananta, amma duk sanda na kalli kwandon burodin nan da ke ƙyalli a kan tebur sai na tuna da wancan bashi. Mutumin da duniya ta sani da ɗakuna masu tsit, bai zana ko ɗaya daga cikin ɗakunan nan cike da yara yadda gidansa yake ba.

Akwai wani labari da ya kamata ya sa mu duka, har da ni mai wannan dogon bayani, mu riƙa sassauta murya. A birnin Dresden na Jamus akwai wani zanen Vermeer na wata budurwa tsaye a bakin buɗaɗɗiyar taga tana karanta wasiƙa. Fuskarta na bayyana dishi-dishi a gilashin tagar, gabanta tebur ne da darduma da kwanon 'ya'yan itace da ya karkace, a hannun dama kuma koren labule. Fiye da shekara 200 mutane suna kallon bangon da ke bayanta babu komai a jikinsa. Masana sun yi ta yaba wannan fili, suna cewa shi ne ke nuna kaɗaicin yarinyar da sirrin abin da take karantawa. A 1979 hoton na'ura ya nuna cewa a ƙarƙashin fentin bangon akwai wani babban hoto a rataye, na wani yaro riƙe da baka, wanda Turawa ke ɗauka a matsayin alamar soyayya tun zamanin Rumawa. Aka ce ai Vermeer ne ya shafe shi da kansa, kamar yadda ya saba. Sai da aka fara gyaran zanen a 2017 aka tarar da datti da tsohon man ƙyalli a tsakanin fentin Vermeer da fentin da ya rufe hoton. Ma'ana wani ne daban ya shafe shi, shekaru masu yawa bayan zanen ya bushe. Aka kankare fentin baƙon a hankali, a 2021 aka fito da zanen yadda mai shi ya bar shi.

Yanzu ɗakin ya canza. Launukan sun fi haske saboda an cire tsohon man da ya yi rawaya, bangon ya cika, wasiƙar kuma ta daina zama sirri, kowa ya san ta soyayya ce. Wasu sun yi murna, wasu sun ce an ƙwace musu zanen da suke ƙauna. Ni ina cikin waɗanda suka ji ba daɗi da farko, ba zan ɓoye ba. Amma gaskiya gaskiya ce, kuma darasin da ke ciki ya fi jin daɗina muhimmanci. Yarinyar ba ta motsa ba, rigarta ba ta canza ba, tagar tana inda take. Bango kawai aka taɓa, sai duk abin da mai kallo ke ji ya juya. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A zanen cikin ɗaki sau da yawa bango ake tambaya.

Mutumin da ya ɗauki wannan magana ya kai ta ƙarshe shi ne Vilhelm Hammershøi, ɗan ƙasar Denmak, wanda ya rayu daga 1864 zuwa 1916. Ya ziyarci Holan yana saurayi, ya ga aikin Vermeer da na tsararrakinsa, kuma tasirinsu a kansa a bayyane yake. Daga 1898, na tsawon kimanin shekara goma, ya zauna da matarsa Ida a wani tsohon gida mai lamba 30 a titin Strandgade da ke Kopenhagen, kuma a cikin ɗakunan wannan gida ya yi zane fiye da 60. Kayan aikinsa kusan irin na Vermeer ne: taga, bango, tebur, mace guda. Amma wanda ya fito daga ɗakin Vermeer ya shiga nasa zai ji kamar ya fito daga hantsi ya shiga almuru.

Abu na farko, ya janye launi. Babu rawayar riga, babu jan buje, babu shuɗin Badakshan. Sai fari da baƙi da ruwan toka iri-iri. Na ce iri-iri domin idan aka zuba ido za a ga wata tokar ta karkata zuwa kore, wata zuwa rawaya, wata zuwa shunayya, kamar yadda sararin sama ke yi da hunturu idan hazo ya sauka. Abu na biyu, ya juya mana ƙeyar matarsa. A zane bayan zane Ida tana tsaye ko zaune cikin baƙar riga, ta ba mu baya, ba a ganin komai nata sai gashin da ta tufke da bayan wuyanta, inda ɗan haske ke sauka. Ya hana mu fuskar da za mu tambaya. Dole mai kallo ya koma ga bango da ƙofa da faɗuwar haske ya nemi labarin a can.

Wani lokaci ma yakan fitar da ita gaba ɗaya. A 1905 ya zana fararen ƙofofi a buɗe, wata na kaiwa ga wata, babu kujera, babu mutum, sai daɓen katako da ya sha taku. Wanda ya fi shahara kuwa shi ne na 1900, da ke gidan adana zane na Ordrupgaard kusa da Kopenhagen: ɗaki fayau, rufaffiyar ƙofa a dama, taga a gaba, hasken rana ya ratso ta gilasai ya sauko a karkace ya zana siffar tagar a ƙasa, ƙura tana yawo a cikinsa. A ɗakin Vermeer taga tana gefe, tana yi wa mutum hidima, tana haska masa aikin hannunsa. A ɗakin Hammershøi sau da yawa tana gabanka, tana kallonka, kuma ba ka ganin komai a bayanta. Hasken ya shigo amma bai tarar da kowa ba.

Yana da kyau a tuna irin ranar da waɗannan mutane suke da ita. Kopenhagen tana can arewa sosai, a watan Disamba yini kimanin awa 7 ne kawai, rana kuma ba ta hawa sama, tana bin gefen sararin ne kamar ranarmu ta bayan la'asar. Saboda haka haskenta a kwance yake shiga ɗaki, ya yi nisa a ciki, kuma abin marmari ne. Mu a nan rana a tsakar ka take, gudunta ake yi. Shi ya sa maginanmu na dā suka yi bango mai kauri da 'yar taga ƙarama can sama. Amma duk wanda ya taɓa kwanciya a ɗakin soro da walaha, ya ga sandar haske ta ratso ta wannan 'yar taga ƙura na iyo a cikinta, ba ya bukatar tafinta a gaban zanen nan na 1900.

To shin baƙin ciki ne a ɗakunan Hammershøi, yadda jadawali ya ce game da ruwan toka? Mutane da yawa sun ce haka, suna kafa hujja da cewa shi da Ida ba su haihu ba, kuma shi mutum ne mai ƙarancin magana da gudun taro. Ni ban yarda a yi saurin yanke wannan hukunci ba. Shi da kansa, a wata hira da aka yi da shi a 1907, ya nuna cewa layukan gini ne ke fara jan hankalinsa ga abin da zai zana, sannan haske. Na taɓa nuna wa mutum biyu hoton fararen ƙofofin nan a rana ɗaya. Ɗaya, wadda ba ta daɗe da fita takaba ba, ta ce in ɗauke, ɗakin ya yi kama da gidan da aka kwashe kayan mamaci. Ɗayan, malamin firamare mai aji na yara fiye da yadda benci zai ɗauka, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da zai sami awa guda a wannan ɗaki da ya gode wa Allah. Duka biyun gaskiya suka faɗa. Mai zanen ya rage sautin ɗakin ne har ya kai inda mai kallo zai ji motsin zuciyarsa, kowa kuma da abin da ya shigo da shi.

Wanda ya fi kowa yarda da ƙarfin launi shi kaɗai, wato Vincent van Gogh, shi ne ya ba mu hujja mafi ƙarfi a kan iyakarsa. A watan Oktoba na 1888 ya zana ɗakin kwanansa a garin Arles da ke kudancin Faransa, ya rubuta wa ƙanensa Theo cewa yana so launukan su sa mai kallo ya ji hutu da barci. Ya lissafa su: gado da kujeru rawaya, bargo ja, taga kore, bango shunayya mai haske. Ya kuma cire inuwa da gangan. Sai dai yawancin masu kallo ba hutu suke ji ba. Daɓen kamar yana gangarowa, hotunan bango sun karkata, launukan kowanne na ɗaga murya, babu inuwar da ido zai fake. Ƙari a kan haka, bangon da muke gani yau shuɗi ne, domin jan da ya haɗa a cikin fentin ya koɗe da tsawon zamani, kamar yadda binciken masana a Amsterdam da Shikago ya tabbatar. Ke nan ɗalibin da ya rubuta cewa Van Gogh ya zaɓi shuɗin bango don nuna natsuwa ya yi sharhi ne a kan launin da mai zanen bai taɓa sakawa ba.

Dalilin da ya sa jadawali ba ya aiki an daɗe da gano shi, kuma a marina aka gano shi. Wani masanin haɗa sinadarai Bafaranshe, Michel Eugène Chevreul, shi ne shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins ta birnin Faris. Masaƙa suka riƙa ƙorafi cewa baƙin zaren da ake rina musu ba ya yin baƙi sosai. Da ya bincika sai ya tarar rinin lafiyarsa lau, launin da ke maƙwabtaka da baƙin ne ke canza yadda ido ke ganinsa. Ya wallafa littafi a kan haka a 1839. Duk mai ɗinkin hula ko mai aikin wuyan riga ya san wannan ba tare da ya karanta Chevreul ba: zaren da ya yi kyau a kan farar shadda yana iya mutuwa a kan shuɗiya. Launi ba ya magana shi kaɗai. Rawayar rigar mai zuba madara tana da ɗumi ne saboda shuɗin da ke ƙarƙashinta da sanyin bangon da ke bayanta. A ɗauke ta a sa a ɗakin Van Gogh, sai ta zama ihu.

Saura gargaɗi guda, tunda yawancinmu a waya muke ganin waɗannan zane-zane. Fuskar waya fitila ce, haske daga cikinta yake fitowa, shi kuwa zane karɓar haske yake yi ya mayar. Waya tana ƙara wa launi kaifi, tana mayar da tokar Hammershøi fari fat ko shuɗi, tana kuma daidaita girman kowane zane da tafin hannu. Duk da haka ta fi babu nesa ba kusa ba. Rijksmuseum ya sa hotunan kayansa masu inganci a intanet kyauta. A rage hasken wayar, a buɗe Mai Zuba Madara, a faɗaɗa bangon har a ga ƙusar nan da inuwarta.

Ke kuma 'yata, ga aikin gidan da zan ƙara miki a kan na malaminki. Ki zaɓi bango guda a gidanku wanda hasken taga ke faɗawa a kansa. Ki zauna gabansa bayan sallar asuba, da hantsi, da azahar, da la'asar sakaliya, da kuma dab da magariba, kada ki kunna ƙwan lantarki. Kowane lokaci ki rubuta launin da idonki ya gani, ki manta da sunan da ke jikin gwangwanin fentin. Ki lura da bakin inuwa, mai kaifi ne ko mai laushi, da kuma launin da ke cikinta. Sannan ki ɗauke abu ɗaya daga ɗakin, kalanda ko labule ko kujera, ki sake dubawa.

Ni a ɗakin kakata na fara wannan karatu, tun ban san da wani Vermeer a duniya ba. Ɗakin ƙasa ne mai taga ɗaya da ba ta fi faifai ba, da jeren kwanoni da tasoshi a bango tun na aurenta. Da hantsi haske kan shigo ya faɗa kan kwano na uku a layin sama, mai jan fure, daga nan wani ja-ja mai laushi ya bazu a kan farar ƙasar da aka shafe bangon da ita, ya sauka har kan buzun sallarta. Kafin azahar ya tafi, ɗakin ya koma ruwan ƙasa. Bayan rasuwarta an yi wa ɗakin siminti da silin, an faɗaɗa tagar, an sa farin ƙwai mai amfani da hasken rana wanda ke ci dare da rana. Na shiga bara da sallah, kwanonin suna nan a jere yadda ta bar su, na tsaya ina neman na ukun a layin sama, sai da na ƙirga da yatsa kafin na gane shi.